Daga Baktar-Ruda Zuwa Maraɗi: Wa Zai Karantar Da Mai Karantarwa?

 

A cikin shekarar 2017 Gwamnatin Jihar Kaduna ta yi wa malaman firamare kimanin 33,000 jarrabawa irin ta 'yan aji huɗu, aka wayi gari 21,780 daga cikinsu ba su kai makin da aka yanka ba. An yi ta ka-ce-na-ce a lokacin, wasu na ganin an tozarta malamai, wasu na ganin an tona abin da aka daɗe ana rufewa. Ba ni da nufin sake tayar da wannan gardama. Abin da ya tsaya mini a rai tun daga wancan lokaci wata tambaya ce da ban ji an yi ta ba: da a ce mu malaman Larabci da na addini na makarantun Islamiyya aka tara, aka ce ba za a tambaye mu nassi ba, kowa dai ya shiga aji ya fahimtar da yara hamsin babin mubtada'i da habari kafin a kaɗa ƙararrawa, mutum nawa ne za su fita kunya? Ni kam, a shekarar da na fara koyarwa da shahadata ta jami'a a hannu, da na faɗi ƙasa warwas. Na san babin, na san saɓanin Basarawa da Kufawa a cikinsa, amma ban san abin da zan yi da yaron da ke kallona yana gyaɗa kai alhali bai fahimci kome ba.

Sanin ilmi fanni ne, iya sanar da shi kuma wani fanni ne dabam, kuma na biyun nan ba a samun sa sai an ga gwani yana yi, an gwada a gabansa, ya gyara. To idan duk gwanayen da malami ya taɓa gani su ne waɗanda suka karantar da shi, sai ya maimaita abin da suka yi, da daidansu da kuskurensu, ya miƙa wa na bayansa. Wannan shi ne dalilin da ya sa mai karantarwa yake bukatar fita daga garinsu, har ma daga ƙasarsu, ya zauna a bayan ajin wani malami.

Tafiya neman ilmi ba baƙon abu ba ne a wurinmu. Sahabi Jabir ɗan Abdullahi, Allah Ya yarda da shi, ya yi tafiyar wata guda zuwa Sham saboda hadisi ɗaya, Al-Khaɗibul Bagadadi kuma ya wallafa littafi sukutum a kan irin wannan tafiya. Shaihu Al-Magili ya zo Kano a zamanin Sarki Muhammadu Rumfa. Muhammadu Al-Kashnawi, mutumin Katsina, a Alƙahira ya rasu a 1741 bayan ya yi suna a ilmin lissafi. Shehu Usmanu ɗan Fodiyo ya tafi har Agadas wajen Malam Jibrilu ɗan Umaru. Duk wannan masu wa'azi sun sha faɗa. Abin da ba a cika faɗa ba shi ne wani babi na kusa, wanda ya fi shafar maganar da muke ciki.

A shekarar 1934, zamanin Sarkin Kano Abdullahi Bayero, aka buɗe Makarantar Shari'a a Kano domin horar da alƙalai, aka ɗauko mata shaihunnai uku daga Sudan, a ƙarƙashin jagorancin Shaihu Bashir Ar-Rayyah. A 1947 aka mayar da ita Makarantar Nazarin Larabci, ta shiga fitar da malaman makaranta. Littattafan da shaihunnan nan suka tarar ana karantawa a zaurukan Kano, su Risala da Mukhtasar, ba su sauya su ba, domin su ma Malikawa ne. Sabon abin da suka kawo shi ne tsari: aji-aji, jadawali, allo da alli, rubuta insha'i, jarrabawa, da tilasta wa ɗalibi ya yi magana da Larabci maimakon ya tsaya ga fassara kalma-kalma. Da yawa daga cikin waɗanda suka riƙe alƙalanci da koyar da Larabci a Arewa gab da samun 'yancin kai, ta wannan ƙofa suka fito.

A wannan shekara ta 1934 ɗin dai aka kafa cibiyar horar da malamai ta Baktar-Ruda a Sudan, kusa da garin Duwaim a bakin Farin Nilu, a hannun wani Bature mai suna Griffiths, tare da 'yan ƙasa irin su Abdurrahman Ali Ɗaha, wanda daga baya ya zama ministan ilmi na farko a Sudan. Da gangan aka kai ta ƙauye, nesa da Khartum, domin malamin da za a horar ya saba da irin wurin da zai je aiki. Abin da ya bambanta ta da sauran makarantu shi ne tana da makarantun gwaji a jikinta. Ba a buga littafin yara sai an karantar da shi a aji na gaskiya, an ga inda yara suka yi tuntuɓe, an gyara, an sake gwadawa. Sanannen littafinta na labarin ƙasa ya ɗauki yaro ya kai shi ziyara gidajen abokai a sassa dabam-dabam na Sudan, ya ga abin da suke ci da yadda suke neman abinci, har yau dattawan Sudan suna tuna sunayen waɗannan abokai. Can ne Gwamnatin Jihar Arewa ta tura Malam Abubakar Mahmud Gumi, Allah Ya jiƙansa, da wasu abokansa a 1954 zuwa 1955. Turawan mulki sun fi son Sudan a kan Masar ne saboda tsoron siyasar da ke tashe a Alƙahira a lokacin, watau ba don Allah suka zaɓa ba. Amma sai zaɓin ya zo da alheri, domin mutanen da aka tura sun riga sun ƙoshi da fiƙihu da nahawu tun daga gida, abin da suka je ɗaukowa shi ne yadda ake koyarwa, kuma da suka dawo aji suka koma.

Sa'annan ƙofofi suka buɗe. An kafa Jami'ar Musulunci ta Madina a 1961, Azhar ta ci gaba da karɓar 'ya'yanmu tana kuma aiko mana da malamai, Cibiyar Musulunci ta Afirka da ke Khartum ta zama Jami'ar Afirka ta Ƙasa da Ƙasa a 1992. Babu mai musun alherin da aka samu. Ilmin hadisi da tajwidi da fasahar harshe sun bunƙasa a ƙasar nan fiye da yadda kakanninmu suka yi zato. Sai dai mu faɗa wa kanmu gaskiya: waɗanda muka tura ɗalibai ne, suka dawo malaman mumbari da na jami'a. Wanda ya dawo da digiri daga Madina ko Alƙahira, kunya ce a wurinsa a gan shi a aji biyu na firamare, jama'a ma ba za su bar shi ba. Aji biyu kuwa, inda ake aza harsashin karatun yaro, an bar wa wanda ya gama sakandare jiya, ana biyan sa abin da bai isa kuɗin mota ba, babu wanda ya taɓa shiga ajinsa ya ga abin da yake yi. Akwai wata cibiya a Khartum da ƙungiyar ilmi ta ƙasashen Larabawa ta kafa a 1974 musamman domin horar da masu koyar da Larabci ga waɗanda ba harshensu ba ne. Da a ce rabin ɗokin da muka yi wa kulliyoyin shari'a mun yi wa irin wannan cibiya, da labarin ajin farko ya sauya.

Wani zai ce ai ana yin daurori. Haƙiƙa ana yi, kuma daurorin da Jami'ar Madina ta riƙa shiryawa a ƙasar nan sun amfani mutane da yawa. Amma na halarci wata daura ta mako biyu da wata ƙungiya ta shirya wa malaman Islamiyya, mu fiye da ɗari a zaure ɗaya, baƙon shaihi yana bisa kujera yana karanta mana muƙarrari, mu kuwa muna rubutu. Ranar rufewa aka raba takardar shaida da kuɗin mota, aka ɗauki hoto. Daga farkonta har ƙarshenta ba a shigo da yaro ko ɗaya ba, ba a ce wani ya tashi ya gwada darasi ba. An koya mana koyarwa ta hanyar da aka ce mu daina koyarwa da ita. Mafi yawanmu, in ban da takardar, babu abin da muka koma da shi makarantunmu.

Yanzu kuma ƙofofin nesa suna ta ƙuntata. Yaƙin da ya ɓarke a Sudan ranar 15 ga Afrilu 2023 ya watsa jami'o'in Khartum, aka kwaso ɗalibanmu ta kan iyakar Masar cikin wahala. Darajar naira ta faɗi, har hukumar TETFund a ƙarshen 2024 ta dakatar da tura malaman manyan makarantu karatu ƙasashen waje, tana kafa hujja da tsadar abin da kuma yawan waɗanda ke tafiya ba su dawo ba. Idan malamin jami'a ya rasa hanya, ina labarin malamin Islamiyya?

Ra'ayina shi ne mun daɗe muna hangen nesa alhali abin nema yana bayan katangarmu. Daga Katsina zuwa Maraɗi bai kai kilomita 100 ba. Daga Illela mutum na iya shiga Birnin Ƙonni ya dawo kafin azahar. A Jumhuriyar Nijar akwai makarantun da ake haɗa Larabci da Faransanci a ƙarƙashin gwamnati, waɗanda asalinsu ke komawa ga madarasar garin Sayi ta 1957, da sufetocinsu da jarrabawarsu. A Sayi ɗin ne kuma Jami'ar Musulunci, wadda taron ƙolin ƙasashen Musulmi na Lahor ya yanke shawarar kafawa a 1974, ta fara aiki a 1986. Tun 1973 aka fara gwajin karantar da yaran firamare da Hausa a Damagaram, watau suna da gogewar shekara hamsin a kan tambayar da mu har yanzu muke jayayya a kanta, a 2025 kuma hukumomin ƙasar suka ayyana Hausa a matsayin harshen ƙasa. Mu kuma muna da abin da ba su da shi: yawan kwalejojin horon malamai, da Cibiyar Malamai ta Ƙasa da ke Kaduna tun 1976, da sassan Larabci da na Hausa a jami'o'in Kano da Zariya da Sakkwato da Maiduguri, da maɗaba'u. Yaron Maraɗi da yaron Katsina harshensu ɗaya, allonsu ɗaya, kuskurensu a Larabci ɗaya. Iyakar da Ingila da Faransa suka shata ce kawai ta sa aka gwada musu magani iri biyu, kuma har yau likitocin biyu ba su zauna sun kwatanta sakamako ba.

Na taɓa kai ziyarar zumunci wani gari a ƙetaren iyaka, sai mai masaukina, wanda malamin irin waɗannan makarantu ne, ya ja ni ajinsa. Abin da na fara lura da shi shi ne kowane yaro yana da ɗan allonsa na alli. Malam ya yi tambaya, kowa ya rubuta, ya ƙwanƙwasa tebur, kowa ya ɗaga allonsa sama. Cikin ƙiftawar ido ya ga wanda ya gane da wanda bai gane ba, a ajin da ya fi nawa cika. Ni kuwa shekaru ina tambayar yara uku na sahun gaba ina zaton aji ya fahimta. Da na nuna mamaki sai ya yi dariya ya ce, "Malam, ai wannan tsohon abu ne, tun muna yara haka aka yi mana." Shi kuma da ya ji yadda muke raba hadda da muraja'a a tsakanin kwanakin mako, sai ya ɗauko takarda ya rubuta. Kwana biyu na yi, kuma abin da na ƙaru da shi ya fi na waccan daura ta mako biyu. Ban biya kowa dala ba.

Maganar bincike kuwa, a nan ne nake ganin asararmu ta fi yawa. Littattafan da muke koyar da Larabci da su, An-Nahwul Wadih an rubuta shi domin yaran Masar ne, waɗanda suka tashi da Larabci a bakinsu. Durusul Luga na Madina da Al-Arabiyyatu Baina Yadaika an yi su ne domin baƙi daga kowace nahiya, ba a yi la'akari da wani harshe guda ba. Littattafai ne masu kyau, amma babu ɗayansu da ya san Bahaushe. Yaron Hausa ya zo aji da dukiyar da ɗan Ingila ba shi da ita: ya riga ya bambanta ka da ki, kuma yana da tana sun yi masa jagora zuwa ga yaktubu da taktubu ba tare da wahala ba. Ɓata mako uku a kan wannan ɓarnar lokaci ce. Inda zai faɗi shi ne inda harsunan biyu suka saɓa a jinsin kalma. Ƙofa mace ce a Hausa, babu kuwa namiji ne; kujera mace, kursiyyu namiji; hannu da ido maza ne a wurinmu, yadu da ainu kuwa mata. Rana da wata sun dace, sai yaro ya saki jiki, sa'annan ƙofa ta kayar da shi. Musanna da i'irabi kuwa ba shi da makamancinsu ko kaɗan. Ina jerin kalmomin nan da suka saɓa, wanda za a ba kowane sabon malami ranar da ya kama aiki?

Haka nan lafazi. Tsohon karatunmu ya mayar da wani harafi la, shi ya sa muke cewa alƙali da farilla da lamiri da Ramalan, ya mayar da wani ɗa, shi ya sa muke cewa ɗalibi da sharaɗi. Wannan ba abin dariya ba ne, tarihin harshe ne, kuma malamin da ya san shi zai san tun kafin yaro ya buɗe baki inda harshensa zai karkata. Sai babbar matsala: yaro ɗaya, da asuba yana makarantar allo yana karanta ruwayar Warshu da rubutun Magaribi, inda fa take da ɗigo a ƙasa, ƙaf kuma ɗigo ɗaya a sama, da yamma yana Islamiyya yana karanta ruwayar Hafsu da rubutun gabas, inda ɗigo ɗaya a sama fa ne. Dukkan ruwayoyin biyu ingantattu ne mutawatirai, babu mai jayayya. Tambayar ta tarbiyya ce: a wace shekara ya dace a haɗa wa yaro biyun, kuma wanne ya kamata ya fara zama daram? Kowa yana da ra'ayi, har da masu zafi, amma ra'ayi ba ya maye gurbin a bi yara ɗari biyu a Zariya da Damagaram shekara uku a rubuta abin da aka gani. Irin wannan bincike ba ya bukatar na'ura mai tsada. Yana bukatar malaman aji masu riƙe littafin lura, da malamin jami'a ɗaya ko biyu da za su tsara musu hanya, da haƙuri.

Kada a ce ba a taɓa yi ba. Masana daga Nijar da Nijeriya sun zauna a Yamai a 1980 domin daidaita ƙa'idojin rubutun Hausa, ko da yake har yau mu muna rubuta 'ya'ya da waƙafi a sama, su kuwa da harafi mai lanƙwasa. A fagen tarihi, wani masani ɗan Sudan, Fathi Al-Masri, shi ne ya tace Bayanu Wujubil Hijra na Shehu aka buga a 1978. Rubuce-rubucen malaman Sakkwato suna warwatse tsakanin Gidan Arewa a Kaduna da cibiyar binciken da ke Yamai, masu bincike kuma suna kai da kawowa. Abin da aka yi wa tsofaffin takardu shi nake roƙon a yi wa yara masu rai.

Na san abin da za a ce. Za a ce ana tsoron aƙida, kada malami ya je ya kwaso abin da ba a so. Amsata ita ce wanda za a tura balagagge ne mai ilmi, kuma zai je kallon yadda ake riƙe alli ne. Wanda zangon karatu ɗaya a Tawa zai rusa masa aƙida, to a binciki ginin tun daga tushe. Za a ce siyasa, kuma wannan gaskiya ne: an rufe iyaka bayan juyin mulkin Yuli 2023 sai a Maris 2024 aka buɗe, Nijar kuma ta fice daga ƙungiyar ECOWAS a Janairu 2025. Za a ce tsaro, kuma ba mu manta ba cewa Ƙauyen Larabci na Ngala, wanda aka kafa a 1992 a bakin iyakar Kamaru domin ɗalibanmu su zauna cikin Larabawan Shuwa, rikicin Boko Haram ya tilasta masa ƙaura zuwa Maiduguri. Duk wannan dalili ne na a zaɓi hanya da lokaci cikin hikima, kuma dalili ne na kada a jingina abin ga gwamnatoci, waɗanda ke shiri yau su ɓata gobe. Fatake ba su daina zuwa kasuwar Jibiya da ta Maigatari ba, masu wa'azi ma suna ƙetarawa da ayarin motoci. Ƙungiyar da ta iya kai mutum ɗari biyar wa'azin ƙasa da ƙasa ba ta da uzurin kasa kai malamai biyar.

Abin da nake ba shugabannin makarantunmu shawara ƙarami ne. Makaranta ɗaya a nan ta ƙulla da makaranta ɗaya a can, su yi musanyar malami guda na zango ɗaya. Kowace ta ci gaba da biyan nata albashi, mai masauki ya ba da ɗaki da tuwo. Wanda za a zaɓa ya kasance mai riƙe da ƙaramin aji, ba ɗan'uwan shugaba ba, ba kuma wanda aka ga ya daɗe bai sami wata alfarma ba. Mako biyu na farko ya zauna a baya yana kallo, sauran ya karantar ana kallon sa. Idan ya dawo kada a tambaye shi takardar shaida. A tara malamai, a kawo yara, ya gwada abin da ya gano a gabansu, sa'annan ya rubuta shafi biyar da Hausa a ajiye a makaranta, a aika wa ɗaya makarantar kwafi. Sauran tuntuɓa ta waya ce, wadda ke aljihun kowa.

Kada kuma a manta da malamai mata, domin su ne ke riƙe da mafi yawan ƙananan azuzuwa da makarantun matan aure, kuma su ne ba a taɓa gayyata ko'ina. Nana Asma'u 'yar Shehu ta warware wannan tun a ƙarni na 19, da ta naɗa jajis, dattawan mata masu zuwa daga ƙauyuka su ɗauki karatu a wurinta su koma su karantar da 'yan taru. A yau malama tana iya tafiya da mijinta ko muharraminta, ko a haɗa miji da mata waɗanda dukkansu malamai ne, irinsu kuwa suna da yawa a makarantunmu, ta sauka a gidan shugabar makarantar da ta karɓe ta. Ɗaki ɗaya da buhun gero ɗaya sun ishe su zango.